Stephen King da tsoron da ke kwana a cikin gida

Masu cewa Stephen King marubucin dodanni ne kawai, ina jin fina-finan suka kalla, ba su zauna da littattafan ba. Mutumin nan sai ya cinye shafuka da yawa bai nuna maka ko inuwar dodo ba. Yana nan yana ba ka labarin bashin da ke wuyan maigida, da motar da ta ƙi tashi, da yaron da ake cin zalinsa a makaranta. Sai ka saki jiki da mutanen nan, ka san su kamar maƙwabtanka, sannan ya fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dubi The Shining na 1977. Otal ne a tsaunukan Colorado, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, fatalwa ta cika ɗakuna. Amma mai sa tsigar jiki tashi shi ne Jack Torrance, uba mashayi da ya taɓa karya hannun ƙaramin ɗansa cikin fushi, alhali yana son yaron har ransa. King kansa yana fama da giya a shekarun. Pet Sematary ma a ƙofar gidansa ya tsince shi. Shi da iyalinsa sun kama haya a bakin titi a Orrington, jihar Maine, manyan motoci na wucewa a guje. Mota ta take kyanwar 'yarsa, wata rana kuma ƙaramin ɗansa ya sheƙa wajen titin, da kyar aka cafke shi. Da ba a cafke shi ba fa? Littafin ke nan.

King yana ɗan shekara 2 mahaifinsa ya fice bai dawo ba. Daga baya, cikin tarkacen da uban ya bari, ya ci karo da littafin marubucin labaran tsoro H. P. Lovecraft. Sai dai a ganina marubuci Richard Matheson ya fi shiga jininsa, don shi ya nuna masa cewa abin tsoro na iya zama a unguwa, ba sai a tsohuwar fada ba. 'Salem's Lot na 1975 Dracula ne aka sauke a ƙaramin garin Maine.

Inda yake ba ni haushi, ƙarshen labari. Littafinsa It ya haura shafi 1,000, ka kwana ka wuni kana tsoron dodon cikinsa Pennywise, a ƙarshe a fito maka da ƙaton gizo-gizo. Haba, Malam Stephen!