Hasashen Magoya Baya Da Mutum Na 53

Makon nan layi ya zo kaina, kuma na san wasu za su yi mamakin batun da na ɗauko, domin a nan gida in aka ce ƙwallo, hankali Ingila da Sifaniya yake tafiya. Ni kuwa Amurka zan kai ku, wajen zari-rugarsu ta gasar NFL, in ba ku labarin wata al'ada ta magoya baya a can: tun kafin a busa usur ɗin farko, mutum zai zauna ya rubuta sunayen 'yan wasan da yake ganin za su tsira a ƙungiyarsa, da yawan wasannin da za ta ci a kakar. Na daɗe ina karanta irin wannan rubutu, kuma ina ganin mai riƙe da alƙalami zai tsinci abin amfani a ciki.

Bari in fara da yadda tsarin yake, saboda wanda bai saba ba. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar. Kowace tana buga wasa 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan 14 su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale, har a kai wasan ƙarshe, wato Super Bowl, a watan Fabrairu. Mutum 11 ke shiga fili daga kowane ɓangare, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban, don haka ƙungiya tana buƙatar jama'a da yawa. Lokacin atisaye, Yuli da Agusta, an yarda ta tara har mutum 90. A ƙarshen Agusta kuwa dole ta zabge su su koma 53. Ku yi lissafi: mutum 37 a kowace ƙungiya, sama da 1,100 a gasar baki ɗaya, ake sallama cikin 'yan kwanaki. Wasu a sake kiran su a matsayin 'yan ko-ta-kwana masu taya atisaye, wasu kuwa daga ranar sun yi sallama da sana'ar da suka yi wa hidima tun suna yara.

A kan wannan zabgewar ce magoya baya ke gwada basirarsu. Za a ajiye masu jefa ƙwallo 2 ko 3? Masu cafkewa 5 ko 6? Ƙartan da ke yi wa mai jifa katanga 9 ko 10? Daɗin abin shi ne gurbi ba ya ƙaruwa. Duk sunan da ka shigar, sai ka fitar da wani. In kana son wani yaro da ya burge ka a wasannin gwaji, to faɗa mana tsohon hannun da za a kora dominsa. In an gama da sunaye sai a ɗauko jadawali, a bi wasa bayan wasa: wannan za mu ci, wannan za a doke mu, a tara jimilla a ƙasa.

Ni ƙungiyata ita ce Jets ta birnin Niyok. Na fara bin ta a 2021, ina shekarar ƙarshe a poli, lokacin da labari ya zo cewa sun ɗauki Robert Saleh, ɗan asalin Labanan da ya tashi a Dearborn, wanda ya zama Musulmi na farko da ya riƙe babban koci a gasar. Bin su daga nan aiki ne. Wasan da suke farawa da ƙarfe 1 na rana a can, mu nan wajen magariba yake, na dare kuwa sai ƙarfe 1 na dare ta gota. Sai dai wahalata ba komai ba ce kusa da ta 'yan gida. Kofi ɗaya tak Jets ta taɓa ɗauka, a Janairun 1969. Rabonta da zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa tun kakar 2010. Akwai yaran da aka haifa suka girma har suka shiga sakandare ba su taɓa ganin ƙungiyar iyayensu a wannan matakin ba.

To, sai ga shekarar 2023. A watan Afrilu ƙungiyar ta ɗauko Aaron Rodgers daga Green Bay Packers, inda ya shafe kaka 18, ya ci kofi sau ɗaya, aka zaɓe shi gwarzon gasar har sau 4. Shi ne kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, mutumin da duk wani hari daga hannunsa yake tashi. Ya tarar da matasa masu jini a jika: Garrett Wilson da Sauce Gardner, waɗanda a kakar 2022 ɗaya ya zama gwarzon sababbin masu kai hari, ɗayan na sababbin masu tsaro. Aka kawo masa tsofaffin abokan aikinsa, Allen Lazard da Randall Cobb. Gidan talabijin na HBO ya kafa kyamarorinsa a sansanin atisayensu don shirin Hard Knocks. Ƙungiyar da ta ci wasa 7 ta sha kashi a 10 a shekarar da ta gabata ta wayi gari ita ce a bakin kowa.

A watan Agustan nan na karanta hasashe ba adadi, kuma na lura iri biyu ne. Iri na farko daga suna ɗaya yake farawa, a kansa yake ƙarewa. Rodgers ya zo, saboda haka nasara 11, wani ya ce 12, wani ya ce a shirya akwati sai Las Vegas, inda za a buga wasan ƙarshe. In ka duba jerin sunayensu sai ka ga an cika 'yan farko da zumuɗi, na ƙasa kuwa an jera su ne kawai don lissafi ya cika.

Iri na biyu ba shi da farin jini. Masu yin sa su ma sun yi murna, amma sun tsaya a kan tambayoyin da ba a son ji. Rodgers shekararsa 39. Mutum 5 ne katangarsa. Wanda ke tsare masa gefen hagu, Duane Brown, shekararsa 38, kuma bai daɗe da tashi daga tiyatar kafaɗa ba. Na gefen dama, Mekhi Becton, wasa ɗaya kacal ya buga a shekara 2 saboda ciwon gwiwa. In kuma wani abu ya sami Rodgers, wa ke bayansa? Zach Wilson, yaron da gazawarsa ce ta sa aka nemo Rodgers tun farko. Masu irin wannan rubutu sun sha gori, ana ce musu 'yan ɓata biki.

Ranar Litinin 11 ga Satumba, a filin MetLife, aka buɗe kakar da Buffalo Bills. Rodgers ya shigo da gudu ɗauke da tutar Amurka, domin ranar tunawa da harin 2001 ce, fili ya ɗauki sowa. A taɓawarsa ta 4, Leonard Floyd na Bills ya kuɓuce wa Duane Brown ta gefen hagun nan, ya kai shi ƙasa. Ya miƙe, ya tsaya jim, ya sake zama. Agararsa ta hagu ta tsinke. Kakarsa ta ƙare bai kammala jifa ko ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka shigo ta cikinta ita ce wadda 'yan ɓata bikin suka yi ta nunawa.

Amma daren bai ƙare a nan ba, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa na zaɓi wannan batu. Masu tsaron Jets suka tsaya kai da fata, Jordan Whitehead shi kaɗai ya cafke jifan Josh Allen sau 3, aka tashi 16 da 16, aka shiga ƙarin lokaci. Bills suka kasa gaba, suka buga ƙwallon da ƙafa zuwa can baya. Wanda ya tare ta wani ɗan ƙaramin yaro ne mai suna Xavier Gipson. Ya zille nan, ya kauce can, ya ruga yadi 65 har ƙarshen fili. Jets 22, Bills 16.

Wane ne Gipson? A watan Afrilun wannan shekarar, lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, an kira sunaye 259 cikin kwana 3, nasa bai fito ba. Daga ƙaramar jami'ar Stephen F. Austin ta jihar Teksas ya fito, ya shigo sansanin Jets cikin 'yan cike gurbi, irin waɗanda ake sa ran sallama a ƙarshen Agusta. Kyamarorin Hard Knocks sun nuna lokacin da aka kira shi ofis aka shaida masa ya tsira. Mako 2 bayan nan, shi ya ci wasan da duk duniya ta zo kallon wani. Wannan shi ne mutumin da nake kira na 53, wanda mai hasashen zumuɗi ke rubuta sunansa a gurguje, ko ya tsallake shi gaba ɗaya. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Sauran kakar ta tafi yadda masu tambaya suka ji tsoro. Katangar ta ci gaba da rushewa, Alijah Vera-Tucker ma agararsa ta tsinke a watan Oktoba. Masu jifa 4 suka fara wasa a kakar: Rodgers, Wilson, Tim Boyle da Trevor Siemian. Aka ƙare da nasara 7, rashi 10, daidai da bara. Magoya baya suka ce ai rauni ne, bari ya warke. Ya warke ɗin, ya buga duk wasa 17 na 2024, aka ƙare da nasara 5, rashi 12. An sallami Saleh bayan wasa 5 kacal, janar manaja Joe Douglas ya bi bayansa a watan Nuwamba, Rodgers kansa ya koma Pittsburgh Steelers a 2025. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun gwarzo ne.

Kada dai a ɗauka ina yi wa masu zumuɗi dariya. Magoya bayan Jets suna da dalilin son magana mai kauri, domin kofinsu ɗaya tilo da ita ya zo. Kwana 3 kafin wasan ƙarshe na 1969, mai jifansu Joe Namath ya tsaya gaban jama'a a Mayami ya ce ya ba da tabbacin za su ci Baltimore Colts, alhali kusan kowa ya gama yanke musu hukunci. Suka ci 16 da 7. Shekara sama da 50 ana ba yara wannan labari. Abin da ake mantawa shi ne Namath cikin fili yake, ya kalli fina-finan wasannin abokan hamayya, ya ga inda suke da rauni, kuma da hannunsa zai cika alkawarin. Ana tuna cika-bakin da ya tabbata, dubban da suka faɗi kuwa iska ta kwashe su.

Kuma a ganina mutumin da ya shekara 13 yana jira yana da haƙƙin ya yi fata. Wanda ya rubuta nasara 12 a watan Agusta, sau da yawa fatansa ne ya sanya wa rigar lissafi. Gaibu sai Allah, kuma babu mai hankalin da zai ce ya hango tsinkewar jijiya a taɓawa ta 4. Ko masu tambayar nan ba su san ranar ba, ba su san sa'ar ba. Abin da suka fi sauran da shi guda ne: sun dubi ƙungiyar gaba ɗayanta, daga na 1 har na 53, suka tambayi kansu, in babu wane fa?

Shi ya sa in na koma karanta hasashen Agustan 2023 a yau, na zumuɗin ba ya karantuwa, ya zama kamar katin gayyatar bikin da aka fasa. Na masu tambaya kuwa har yanzu da sauran amfaninsa, ko inda jimillarsu ba ta dace ba, domin sun ajiye dalilansu a fili, kowa na iya bi ya ga inda zance ya tsaya da inda ya goce.

'Yan uwa, mu ma kusan kullum hasashe muke yi. Wane zai ci zaɓe, wane fim zai yi kasuwa, wane marubuci ne zai gaji manya. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa ya fi ta, tunda yana nan ana iya ɗauko maka shi bayan shekara. Abin da na ɗauka daga waɗancan magoya baya shi ne in ƙayyade wa kaina gurbi kamar yadda aka ƙayyade musu 53. In na ɗaga wani, in faɗi wanda na sauke da dalilina. In na dogara da gwarzo, in duba waɗanda ke tsaye a gabansa da wanda ke zaune a benci yana jira. Sannan in ba sunan ƙarshe a jerin lokacin da na ba na farko, domin shi ma mutum ne da iyayensa ke jiran kiran waya a ƙarshen Agusta.

Agusta mai zuwa za su sake zama su rubuta, ni ma zan sake karantawa, kuma daga ƙasan jerin zan fara. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mun haɗu a rubutun mako mai zuwa.