Gidanmu Na Huɗu

Tun da na yi wayo zuwa yau, sau uku muna kwashe kaya daga gidan haya zuwa wani gidan haya a cikin Kano. Wanda muke ciki yanzu shi ne na huɗu. Ƙanena Auta har ya saba, in ya ga babbar mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya ruga ya tambayi Umma ko tashi za mu yi. Abin yakan ba mutane dariya, amma ni ban taɓa ganin Umma ta yi dariya a kai ba.

Tashinmu na ƙarshe shi ya fi yi mini ciwo. Ina aji ɗaya a nan makaranta, na koma gida hutu, sai na tarar maigidan da muke haya ya aiko dillalinsa cewa daga naira 250,000 kuɗin shekara ya koma 400,000, kuma a biya gaba ɗaya. Baba ya sa babbar riga ya tafi wurinsa, ni kuma ina biye riƙe da lema. Bayan sun gaisa Baba ya ce, "Alhaji, shekara biyar muna tare, ko sau ɗaya ban taɓa saɓa maka ba. A duba mana." Alhaji ya ce, "Wallahi Malam, ba ƙeta ba ce. Je ka tambayi kuɗin siminti da kwano. Ga mutum uku nan suna jiran gidan." Muka komo ba wanda ya ce wa wani uffan. Cikin wata biyu muka tashi zuwa bayan gari, ƙanwata ta bar makarantarsu da ƙawayenta, Umma kuma ta rasa masu sayen ƙosanta na shekara da shekaru.

A daren da muka tare na tambayi Baba, "Shin Baba, gwamnati ba ta gina wa ma'aikatanta gidaje ne?" Shi kuwa ƙaramin akawu ne na Gwamnatin Tarayya. Ya yi murmushi ya ce, "Tana ginawa mana. Ranar Juma'a sai ka je ka gai da Kawunka, ka yi masa wannan tambaya."

Kawun nawa tsohon ma'aikaci ne, yana zaune a cikin irin gidajen nan da ake kira gidajen Shagari. A wurinsa na fara jin tarihin abin, daga baya kuma na bincika a laburare na tarar haka yake. Ashe maganar nan ta girme ni, ta kusa girme Baba ma. A 1973, zamanin Janar Gowon, aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina unguwar Festac a Ikko don bikin al'adun baƙar fata na 1977. A cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma waɗanda aka gama ba su kai 30,000 ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 sai ya sa gidaje da abinci a gaban kome. Aka ce kowace shekara za a gina 40,000, watau 2,000 a kowace jiha daga cikin jihohi 19 na lokacin, har da Abuja. Zuwa 1983 abin da aka kammala bai wuce wajen 32,000 ba duka-duka, watau ko na shekara guda bai cika ba.

Na ce, "To Kawu, me ya hana?" Ya gyara zama. Ya ce da fari dai fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi, waɗansu gwamnonin kuwa ba 'yan jam'iyyar Shugaban Ƙasa ba ne, saboda haka suka yi ta jan ƙafa, ko kuma su ba da fili can cikin daji inda ba ruwa, ba wuta, ba hanyar mota. Sa'an nan ga 'yan kwangila da suka karɓi kuɗi suka bar gini a rabi. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya tashi ya zagaya da ni gidan. Ya nuna mini asalin abin da aka ba shi: ɗaki ɗaya da falo, da ɗan kicin da bayi. Ba zaure, ba katanga, ba tsakar gida. Irin zanen da aka yi wa mutumin Fatakwal shi aka kawo wa Bakano mai iyali. "Ina za ka sauki baƙo?" in ji shi. "Ina mata za su yi daka da shanya ba a gansu daga titi ba?" Duk sauran ginin, katanga da zaure da ɗakuna uku, shi ya yi da guminsa a hankali cikin shekara goma sha. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Duk da haka kada a ce ban yi adalci ba. Kawu bai sake biyan haya ba tun daga lokacin, kuma wurin da a da ake ce masa daji yanzu gari ya cim masa har ya wuce. Da an gina yadda aka yi alkawari, da watakila Baba ma ya gaji ko da ɗaki guda.

Bayan wannan sai gwamnati ta sake dabara. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, aka ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, don in ya tashi gini ya sami rance mai ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekaru har 30. Na ga wurin a takardar albashin Baba da idona. Sai dai mai neman rance tilas ya nuna takardar mallakar fili ta gwamnati, Baba kuwa ba shi da ita. Ban da haka ma zuciyarsa ba ta kwanta da maganar kuɗin ruwa ba. Haka nan kuma na taɓa wucewa ta rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo waɗanda Gwamnatin Jihar Kano ta gina tsakanin 2011 da 2015, na kuma ji a rediyo a 2024 an aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana ta Abuja. Gidaje ne masu kyau, ba shakka. Amma a shekarar nan ta 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali buhun siminti ɗaya ya taɓa naira 10,000. Ku da kuka fi ni lissafi, 'yan'uwana ɗalibai, sai ku auna ku ga ko wa zai shiga waɗannan gidaje.

Abin da Baba ya yi daga ƙarshe shi ne abin da yawancin iyayenmu ke yi. Ya shiga adashi a wurin aiki, Umma ta sayar da tumakinta biyu, ya sayi ɗan fuloti na awon igiya a gefen gari. Ba titi, ba magudanar ruwa, takardarsa kuwa ta hannun mai unguwa ce da shaidu uku. In albashi ya zo sai ya sayi siminti buhu biyu ko uku a buga bulo a ajiye. Ni ne mai ba bulon ruwa idan ina hutu, daga rijiyar maƙwabta nake ɗebowa. Kullum kuma da fargaba a ransa kada wata rana a zo a shafa wa bangon jan fenti a ce hanya za ta bi ta nan.

A ganina, ni da ban kai in ba manya shawara ba, nan ne ya kamata hukuma ta sa hannu. Mutane irin su Baba ba sa jiran a miƙa musu makulli. Da za a yanka filaye, a fitar da titi da lambatu, a ja famfo, a ba mutum takarda ba tare da ya yi shekaru yana zirga-zirga ba, da kowa ya gina daidai ƙarfinsa, da zaurensa da tsakar gidansa. Kakana da tubali da azara ya gina nasa a cikin birni, 'yan unguwa suka yi masa gayya, kuma har yau ɗakinsa ya fi namu na bulo sanyi a lokacin bazara.

A hutun da ya wuce ginin namu ya kai linta a ɗaki biyu. Baba ya tsaya a tsakiyar wanda ba rufi, ya nuna wata kusurwa ya ce nan zai sa mini tebur na karatu. Saura katako da kwano da ƙofofi. Kuɗin hayarmu kuwa a ƙarshen Disamba zai ƙare, kuma dillalin wannan gidan ma ya riga ya zo gaisuwa sau biyu.