Toka Ce Ko Murfi?

Muna cikin 'yan farko-farkon tsarin karatu na 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a Najeriya a 1982, ya raba sakandare gida biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku. A ƙaramar sakandare ba a rarraba mana kimiyya fanni-fanni ba. Darasi ɗaya ne da ya haɗa ilimin halittu da na sinadarai da sauransu, littafin da muke karantawa kuma na Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya ne, wadda aka fi sani da STAN. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a garin manoma. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma abin da ke cikinsa bai wuce dogayen tebura da wasu akwatunan kayan aiki da ba a taɓa buɗewa ba, domin garin babu wutar lantarki. Matakan binciken kimiyya kuwa mun haddace su tsaf da Turanci: ka lura, ka yi tambaya, ka yi hasashe, ka gwada, ka yanke hukunci. Muna rera su kamar karatun allo, muna cin maki da su a jarrabawa, alhali babu wanda ya taɓa gwada ko abu ɗaya da hannunsa.

A aji biyu aka kawo mana sabon malami. Mutum ne mai magana a hankali, wanda ba ya saurin gaya wa yaro cewa ya yi kuskure. Bayan kaka ne, an gama roron wake, kowane gida yana fama da yadda zai adana nasa. Rannan ana darasin ƙwari, sai wani yaro a bayan aji ya ce ai ƙwaron wake daga cikin waken yake fitowa, waken ne ke haifar da shi. Hujjarsa mai ƙarfi ce a wurinmu: kakarsa takan zuba wake mai kyau, wanda ba huda ko ɗaya, ta rufe a tukunya, in aka buɗe bayan wata biyu a tarar da ƙwari sun cika. Ta ina suka shiga? Kusan duk ajin muka goyi bayansa, har wani ya kawo karin maganar nan ta tsutsar nama ita ma nama ce.

Malam bai musa ba. Ya ce mutanen Turai ma sun daɗe suna ganin haka game da nama, har sai da wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya wallafa gwajinsa a 1668. Ya sa nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Na buɗen suka yi tsutsa, na toshen ba su yi ba. Amma da saura, domin mai musu zai ce iska aka hana shiga, ba don haka ba da naman ya haifi tsutsarsa. Sai Redi ya sake, wannan karon ya rufe bakin kwalaben da ƙyalle mai shara-shara, iska na shiga, ƙuda ba ya iya kaiwa ga naman. Naman ya ruɓe, tsutsa ba ta fito a jikinsa ba, ƙudajen kuma suka riƙa sauka suna ƙwai a kan ƙyallen. A kan wannan gwaji na biyu Malam ya fi tsayawa. Ya ce toshe kwalba ya hana abu biyu a lokaci ɗaya, ƙuda da iska, don haka ba a san wanne ne ya yi aiki ba. Ƙyallen ne ya raba su.

Kashegari ya zo da madubin ƙara girman abu, ya sa kowa ya kawo ɗan wake daga gida. A nan na fara ganin ƙwan ƙwaron, wani ɗigo fari-fari manne da jikin ƙwayar waken, wanda ido ba ya lura da shi sai an nuna masa. Uwar takan fara ƙwai tun wake yana gona. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta ƙarƙashin ƙwan ta shige ciki, ta ci, ta girma, bayan mako uku zuwa huɗu in akwai zafi ta fito ƙwaro ta wata 'yar ƙofa zagayayya. Ashe waken da kaka ta rufe da baƙinsa a ciki aka rufe shi.

Wannan ya kashe gardama ɗaya ya ta da wata. Me ya fi kare wake? 'Yan gidan da ake sa toka suka ce toka, 'yan gidan barkono suka ce barkono, wasu suka ce rairayi. Kowa yana kare al'adar gidansu da zafi, domin a wurin yaro in ka ce tokar ba ta aiki, kamar ka ce kakarsa ba ta san abin da take yi ba ne. Malam ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemo kwalba ya shirya nasa yadda ya ga dama. Yanzu na gane da gangan ya ƙyale mu. Aka kawo kwalabe iri-iri, manya da ƙanana, kowa da waken gidansu, aka jera wasu a taga, wasu a ƙarƙashin tebur. Da aka buɗe bayan wasu makonni, kwalbar 'yan toka ta fi kowacce tsabta, suka ɗau murna.

Malam ya ɗaga kwalbar ya juya ta, ya dubi shugabar rukunin.

"Ke, da me kuka rufe taku?"

"Da murfinta, Malam. Mun ɗaure sosai."

"'Yan barkono fa?"

"Da tsumma, Malam."

"To toka ce ta hana ƙwarin, ko murfi?"

Ajin ya yi tsit. Ya ci gaba da tambaya: waken wa aka zuba a nan, na wa a can? Wa ya tabbatar yawan ƙwan da ke jikinsu ɗaya ne tun farko? Kwalbar da rana ke duka a taga da wadda ke inuwa, zafinsu ɗaya? Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi tunaninta: ina kwalbar da ba a sa wa komai ba? In babu ita, da me za mu gwada sauran? Wataƙila waken nan ko an bar shi haka nan ba zai yi ƙwari da yawa ba.

Ya ja layi biyu a allo, ya yi gida uku. A na farko ya rubuta abin da za mu canza, ya ce abu ɗaya tak ake sa wa a nan, wato abin da ake cakuɗa waken da shi. A na biyu abin da za mu auna. A nan ma an sha muhawara, domin "ya fi kyau" ba awo ba ne. Daga ƙarshe aka yarda a girgiza kwalba, a ɗebi ƙwaya ɗari ba tare da zaɓe ba, a ƙirga masu huda. Gida na uku shi ya fi tsawo, abubuwan da dole su zama ɗaya a kowace kwalba, mu muka riƙa kawo su yana rubutawa: wake daga kwano ɗaya, an jujjuya shi sosai kafin a raba, kwalabe masu girma ɗaya, awo ɗaya da gwangwanin madara, ƙyalle iri ɗaya a baki, wuri ɗaya a ɗaki, ranar zubawa ɗaya, ranar buɗewa ɗaya. Wata yarinya ta ce a tankaɗe tokar a bari ta huce, kada zafinta ya kashe ƙwan a ce toka ce. Malam ya ce ta taso ta rubuta da hannunta. Ya kuma nace kowane iri a yi masa kwalba biyu, har da wadda ba a sa wa komai ba, saboda kwalba guda tana iya yin sa'a.

Ina ganin abin da ya sa darasin ya zauna mana shi ne muna son sanin amsar da gaske. Gwajin tsiron wake a auduga da ke cikin littafi, kowa ya san ƙarshensa tun ba a fara ba, ɗan manomi kuma ba ya bukatar a nuna masa cewa iri yana son ruwa. Wannan kuwa Malam da kansa ya ce bai san yadda barkono zai yi ba, kuma mun yarda da shi.

Lokacin da aka buɗe kwalaben gwaji na biyu, zafin bazara ya fara shigowa. Kwalaben da ba a sa wa komai ba sun lalace, har gari ya taru a gindinsu. Na toka sun fi su nesa ba kusa ba, duk da cewa yanzu ƙyalle ne a bakinsu. Na rairayi suna biye. Na barkono kuwa suka saɓa wa juna, ɗaya da dama-dama, ɗaya kusan daidai da wadda ba a sa wa komai ba. 'Yan barkono suka roƙi a rubuta mai kyan a bar ɗayar. Malam ya ƙi. Ya sa muka rubuta lambobin duka biyun, a ƙarƙashinsu kuma muka rubuta cewa wannan gwaji bai isa a yanke wa barkono hukunci ba. Ban taɓa ganin an rubuta irin wannan jimla a littafin makaranta kuma aka ba ta maki ba sai ranar.

Tambayar murfin ba mu koma kanta ba, domin hutu ya zo. Shekaru da yawa bayan haka na sake cin karo da ita a hannun manya. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, sun yi aiki a kan adana wake tun ƙarshen shekarun 1980. Sun tabbatar toka tana aiki, amma sai an zuba ta da yawa, kusan daidai da yawan waken, ta cike duk ratar da ke tsakanin ƙwayoyi. Barbaɗa kaɗan ba ya hana komai. Sun kuma bi sawun hana iska, abin da ya haifar da buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, inda cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi ta taka rawa. Shi wannan buhu, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su bushe su mutu, domin jikinsu yana bukatar iskar kafin ya samar wa kansa ruwa daga abin da suka ci. Yarinyar nan da ta ɗaure murfi ta haɗa hanyoyi biyu masu aiki a kwalba ɗaya, shi ya sa babu yadda za a yi a san rabon kowace. Yadda aka gabatar da buhun a ƙauyuka ma gwaji ne: manoma su zuba wakensu a gaban jama'a, a ɗaure, bayan watanni a taru a kwance kowa ya gani.

Gida na biyu na allon Malam, abin da ake aunawa, shi ya fi damuna yanzu. Ɗan kasuwar da ke yayyafa wa buhunan wake maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, in ka tambaye shi zai ce yana aiki, kuma bisa awonsa gaskiya ya faɗa, domin huda yake dubawa kuma babu huda. Abin da ya rage na gubar a jikin waken da za a dafa wa yara ba ya cikin abin da yake aunawa, ba shi ma da na'urar auna shi. Masu na'urar sun auna: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan wannan sinadari da aka riƙa samu a cikinsa ya zarce iyakar da dokarsu ta yarda da ita. Waken da ba a fitar ba kuwa a kasuwanninmu aka sayar da shi, mudu-mudu.