Daga Bakin Ruwan Yelwa Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

Mutumin Yauri ba ya tsoron ruwa, ko dai haka muke cika baki a kasuwar kifi ta Yelwa. Mun tashi muna kallon jiragen Sarkawa da na Gungawa suna tsaga tafkin Kainji ɗauke da gero da albasa da awaki. To, ruwan da na gani a gaɓar ƙasar Norwe cikin watan Fabrairu, tsakiyar hunturunsu, ya sa na rage cika bakin.

Jirgin da na shiga na layin Hurtigruten ne, wanda ya fara aiki tun 1893. Daga Bergen yake tashi a kudu, ya nufi Kirkenes a bakin iyakar Rasha, yana tsayawa a tashoshi 34. Masu yawon buɗe ido suna da yawa a ciki, amma asalinsa jirgin mutanen gari ne. Dattijo zai shigo a wannan ƙauye ya sauka a na gaba, a sauke buhuna da akwatuna, a ɗora mota, a kama hanya. Wata tashar minti goma ko sha biyar kawai ake yi, ko da tsakar dare ne.

Abin da suke kira fiyod hannun teku ne da ya kutsa tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, wani wurin har ka ga kamar jirgin zai goga jikinsa da su. Ƙanƙara ce ta sassaƙe waɗannan kwaruruka a zamanin da ta rufe ƙasar, da ta narke sai teku ya cike gurbin. Mafi girmansu a Norwe, Sognefjord, ya haura kilomita 200, wato ya fi tafkinmu tsawo, zurfinsa kuwa ya kai mita 1,300. Duk sanyin nan ruwan gaɓar ba ya daskarewa, saboda igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga yankin Amurka ta tsakiya tana biyowa ta nan.

Kusa da garin Ørnes aka nuna mana Svartisen, tudun ƙanƙara na biyu a girma a ƙasar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 370. Dusar ƙanƙara ce ke taruwa shekara bisa shekara, nauyinta ya danne ta har ta yi tauri, sannan ta riƙa gangarowa a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. A hunturu sabuwar dusa takan rufe yawancin shuɗin da ake gani a hoto, sai fari fat daga bakin ruwa har sama. Na tsaya a waje har yatsuna suka daina jin taɓi, ina ta subhanallahi. Mutanen nan kuma ba kallo kawai suke yi ba, sun haƙa ramuka ƙarƙashin ƙanƙarar suna jan ruwanta zuwa tashar lantarki.

A tsibiran Lofoten na ji kamar na dawo gida, don warin kifi ya tare mu tun daga tasha. Lokacin kamun kifin kod ne, ana rataye shi a kan manyan katakai iska ta busar da shi ba gishiri ba hayaƙi. Shi ne kifin da Ibo ke kira okporoko, kuma Nijeriya na cikin manyan masu saye, musamman kawunan. Mu da muke banda da itace, abin mamaki ne a ce sanyi ya yi aikin wuta.

A garin Tromsø kuma akwai masallaci. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a garin, don haka a irin wannan lokaci Musulmin wurin da lokutan sallar Makka suke amfani.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙidaya. Kowa yana da kati, ana duba shi idan ya shiga, ana duba shi idan ya fita. Kafin jirgi ya tashi sai an nuna maka inda rigar ceto take da inda za ka tsaya idan wani abu ya faru. Ina sauraro ina tuna watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan suka tsira, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ruwan Norwe ya fi namu zurfi da sanyi da duhu, namu kuma ga kututturan itatuwan da dam ɗin Kainji ya shanye tun 1968 suna jira a ƙasa.

Sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage na Yelwa da Warra da Zamare, littafin rubuta sunan fasinja da rigar ceto ba su fi ƙarfinmu ba. A fara da ranar kasuwa.