Manchok: Garin Da Hanya Ta Raya

Duk matafiyin da ya taso daga Kafanchan ya nufi Jos ta hanyar Kagoro da Ganawuri, ba makawa sai ya ratsa wani gari da ake kira Manchok. Galibin masu wucewa ba su san shi da kome ba illa wurin da direba kan tsaya ya ƙara fasinja, a sayi gyaɗa da ayaba ta taga, sa'an nan a kama hawan tudu. Amma garin ya cancanci a sauka a dube shi da kyau, domin shi ne mazaunin Sarkin Marwa, ko Moro'a kamar yadda wasu ke rubutawa, ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun kudancin Jihar Kaduna. Wanda ya sauka kuwa zai tarar da cewa tarihin garin da abincin mutanensa duka a kan abu guda suka dogara, watau hanya.

Manchok yana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, wadda ta ƙunshi masarautu uku: Kagoro, Marwa da Takad, waɗanda Hausawa suka fi sani da Attakar. Garin yana shimfiɗe ne a kan fili mai yalwar ciyawa, duwatsun Kagoro da na Attakar suna tsaye a gefe guda, tudun Jos kuma ya tokare gabas. Da damina, wadda kan fara tun watan Afrilu ta kai har Oktoba, filin nan kore shar yake zama iyakar ganin ido. Da hunturu kuwa sanyi kan sauko daga tudu, har baƙo daga Sakkwato ko Katsina ya nemi bargo na biyu. A kan tudun nan ne, kusa da Vom, Kogin Kaduna ya samo asalinsa kafin ya gangaro ya yi doguwar tafiyarsa zuwa Kwara.

Mutanen ƙasar suna kiran kansu Asholio, harshensu Sholio, garin kuma Tsok. Harshen ɗan'uwa ne na kusa ga na Atyap, watau Katafawa, da na Kagoro da Takad da Fantswam na Kafanchan, har masana harsuna suna lissafa su duka a matsayin rassan harshe guda. Mutumin Manchok yana iya cinikinsa a Zangon Kataf ko Kagoro da harshen gidansu, a fahimce shi ba tare da tafinta ba.

A ƙarni na 19 hanya abin tsoro ce a wannan yanki. Mahara daga Zazzau da Jama'a sukan fito neman bayi, mutanen da ke kan duwatsu su haye su tsare mashigai, na fili kuwa irin Marwa sun fi kowa zama a bakin haɗari. Da Turawa suka iso a farkon ƙarni na 20, wani hafsansu mai suna Tremearne ya zaga ƙasar, ya buga littafi a kanta a Landan cikin 1912, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna irin kallon rainin da aka yi wa mutanen a lokacin. Duk da haka Turawan ba su sa Marwa a ƙarƙashin wani sarkin yanka ba. Sun bar ta tare da Kagoro da Jaba a matsayin gundumomi uku masu zaman kansu, kowace da sarkinta. An yi ta yawo da su tsakanin larduna, daga Nasarawa zuwa Filato a 1926, sa'an nan zuwa Lardin Zazzau a 1934, amma sarautarsu ta ci gaba da zama a hannun 'yan ƙasa. Wannan ne ya sa har yau mutumin Marwa yake faɗin sunan masarautarsa da alfahari.

Sarakunan yankin sun yi dogon zamani. Malam Gwamna Awan ya riƙe Kagoro daga 1945 zuwa 2008. Malam Tagwai Sambo ya hau gadon Marwa a 1966, tun ana Jihar Arewa, ya ga kafa Jihar Tsakiyar Arewa a 1967, ya ga an sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, ya ga an cire Katsina a 1987, ya kuma zama uban Jami'ar Jihar Kaduna, kafin ya rasu a 2024 bayan kusan shekara 58 a kan karaga. Mai karatu zai lura cewa dukansu biyu da laƙabin Malam ake kiransu. A kudancin Kaduna laƙabi ne na girmamawa ga dattijo, Kirista ne ko Musulmi.

Abin da ya sauya fuskar Manchok shi ne jirgin ƙasa. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu ya haɗe da na Kaduna, aka kuma yanki reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Dalili kuwa a fili yake: Turawa suna son kwal ɗin Inugu ya isa filayen kuza, kuza kuma ta sauka bakin teku da sauƙi, domin ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 ya yi wa aikin kaɗan. Reshen nan ya bi ta Kagoro da Manchok kafin ya fara hawan tudu zuwa Kuru da Bukuru. Kafanchan ta zama babbar mahaɗa, har Sarkin Jama'a ya ƙaura da fadarsa can a 1933. Manchok kuma ta sami tasha.

Tasha ba ƙaramin abu ba ce ga ƙauye. Ita ta kawo ma'aikatan reluwe daga kudu, ta kawo fatake Hausawa da gishiri da kanwa da tufafi, ta kuma kwashi samari zuwa haƙar kuza don neman kuɗin haraji da na aure. Da aka miƙa layin daga Kuru zuwa Maiduguri tsakanin 1958 da 1964, sai ya zamana jirgin Bauci da Gombe da Barno duka ta ƙofar Manchok yake bi. Dattawan garin da suka yi ƙuruciya a wancan zamani da kukan jirgi suke gane lokaci, mata kuma da isowarsa suke shirya tallarsu.

Ta wannan hanya kuma mishan suka shigo. Mishan ɗin da ya haifi ikkilisiyar ECWA a 1954 ya kafa babban sansani a Kagoro, 'yan Katolika kuma suka bazu cikin ƙauyuka, har Kafanchan ta sami Bishop nata a 1995. Makarantunsu ne suka fitar da malamai da ma'aikatan jinya da akawuna da sojoji waɗanda suka yi aiki a duk faɗin Arewa. Da Hausa aka yi yawancin wa'azin, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da ita. Saboda haka a Manchok za ka ji Hausa a coci ran Lahadi, ka ji ta a masallaci ran Juma'a, ka ji ta a kasuwa kullum. Iyaye da dama ma sun fara kukan cewa yaransu sun fi sakin baki da Hausa a kan Sholio, kuma kuka ne mai dalili, gama harshen da aka daina yi a gindin murhu ba ya daɗewa.

Yawancin mutanen garin manoma ne. Da asuba za ka ga maza da garma a kafaɗa, mata da kwanduna, an nufi gona, kuma har yanzu ana yin gayya idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ana noma dawa, masara, dauro, gyaɗa, waken soya, doya, rogo da gwaza, ana kiwon awaki da kaji da aladu. Amma abincin da ya fi shiga ran mutanen ƙasar shi ne acca. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, tana yi a ƙasar da wasu hatsi ba sa yi, wani irinta kuma yana nuna da wuri, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wahalarta tana wajen sussuka da surfe da rairaya, aikin da kusan duka a wuyan mata yake. Da ita ake tuwo da kunu da fate mai ganye. A 'yan shekarun nan mutanen birni, musamman masu ciwon sukari, sun koma nemanta, kuɗinta ya ɗaga, sai dai ribar ta fi tsayawa a hannun wanda ke da motar kai ta Jos ko Abuja.

A kasuwa ne ake ganin amfanin zaman garin a mahaɗa. Hanyar Kafanchan da Kagoro ta haɗu da wadda ta fito daga Zonkwa da Samarun Kataf, sa'an nan ta wuce Ganawuri da Vom a Jihar Filato. Dankalin Turawa da kabeji da karas suna gangarowa daga tudu, hatsi da doya suna hawa. Matan Fulani suna zaune da ƙoren nono da man shanu, Bahaushe yana kan teburin nama ko na koli, Ibo yana shagon magani da kayan gyaran babur, 'yan acaɓa suna jigilar buhuna daga ƙauyuka. Idan Disamba ta zo, 'yan garin da ke aiki a Kaduna da Jos da Abuja sukan dawo gida, a yi bukukuwan aure da na Kirsimeti, ran 1 ga Janairu kuma a ɗunguma zuwa Kagoro kallon bikin Afan.

To, amma hanyoyin nan sun yi rauni. Tun wajen shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta fara lalacewa a ƙasar nan, kayan da jirgi ke ɗauka suka koma kan manyan motoci, ƙananan tashoshi irin ta Manchok suka yi tsit. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma jirgi ya koma aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa gindin tudun Jos kuwa akwai sauran tafiya mai nisa.

Rauni na biyu ya fi wannan ciwo. A tsakiyar watan Maris na 2014 'yan bindiga suka auka wa wasu ƙauyukan ƙasar Marwa cikin dare, ciki har da Unguwar Sankwai da Unguwar Gata, aka kashe mutane fiye da 100, aka ƙone gidaje da rumbuna, waɗanda suka tsira da yawa suka kwararo Manchok neman mafaka. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Kaura, Jama'a, Zangon Kataf, Kachia da Sanga, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Duk da haka an sake zubar da jini a ƙasar Kagoro, a Madamai cikin 2021 da Malagum cikin 2022. Kowane hari irin wannan, ban da rayukan da yake ci, yana hana manomi zuwa gonarsa ta nesa, yana hana mai nono shigowa kasuwa, yana sa direba ya ƙi tafiyar yamma. Garin da ke ci daga masu zuwa da masu wucewa, idan tsoro ya tare hanya, tukunyarsa ce aka sauke.

Saboda haka bukatun Manchok ba boyayyu ba ne. Ana bukatar tsaro a ƙauyuka da kan hanyar Ganawuri, tare da hukunta duk wanda aka kama da hannu a kisa, ko shi wane ne. Ana bukatar sarakuna da ardo-ardo da limamai da fastoci su riƙa zama tun kafin ɓarnar gona ta zama faɗa. Ana bukatar gyaran hanyoyin ƙauye da injinan surfen acca, don wahalar mata ta ragu, ribar kuma ta tsaya a gida. Ya kamata kuma 'yan bokon Marwa su zauna da dattawansu su rubuta tarihin ƙasarsu da harshensu tun masu saninsa suna raye, kada a bar wa jikoki littafin baƙo kaɗai. Ita kuwa Hukumar Jiragen Ƙasa, idan aikin gyara ya iso Kafanchan, kada ta manta da ƙananan tashoshin da ke tsakaninta da Kuru, domin a nan ne manoman da za su cika taragun suke.