Sawun Dila a Bakin Gona

A Duza ba don nama muke farautar dila ba. Zomo da fakara da zabon daji su ne na tukunya. Shi dila sai ya yi laifi ake fita nemansa: ɗan akuya ya ɓata da almuru, ko 'yan tsaki sun ragu a akurki, ko a wayi gari a tarar an fafe kankana a fadama. Ga mai garke babba wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwar da akuya biyu ce jarinta, ɗan akuya ɗaya shi ne kuɗin magani, shi ne zanen Sallah.

Yanzu samarinmu suna kallon bidiyon mafarautan Amurka a waya, masu harbin dilan can da suke kira koyote, da bindiga mai madubin gani cikin duhu da na'urar da ke kwaikwayon kukan zomo. Sai su zo suna tambaya ta ina ake farawa. Kamar da suke gani tsakanin dabbobin biyu ba ƙarya ba ce. A 2015 masana suka binciki ƙwayoyin halittar babban dilan Afirka mai ruwan ƙasa, suka gano ya fi kusa da koyote da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su suna ɗaya. Halin ma ɗaya ne: wayo, cin duk abin da aka samu, da zama kusa da mutane ba tare da an gan shi ba. Kayan aikin ne dai ba namu ba, kuma ko an ba mu su, ba daga nan ake farawa ba.

Daga ƙasa ake farawa. Wani tsohon maharbi da muka taso a hannunsa yakan ce, "Ɗana, ba a bin dila da ƙahwa, da ido aka bi nai." Sai mun yi wata da watanni muna duba sawu kafin ya bari mu riƙe ko da gora. Sawun dila ya yi kama da na kare, amma ya fi tsukewa, ya fi tsawo, kuma a miƙe yake tafiya kamar an ja zare, yana ɗora ƙafar baya kusan inda ta gaba ta taka. Karen gari kuwa yawo yake, ya leƙa nan ya shinshina can, sawunsa a warwatse. Lokacin dubawa shi ne da sassafe, kafin shanu su bi burtali su tattake komai, rana tana ƙasa-ƙasa tana jefa inuwa cikin kowane gurbi. Kashinsa ma yana magana. Za ka ga gashin ɓera a ciki, da ƙafafun fara, da ƙwallon magarya ko na kanya idan lokacinsu ne, kuma yana son ajiye shi a fili, kan dutse ko tushen ciyawa, don ya shaida wa 'yan'uwansa nan gonarsa ce.

Wannan karatun sawu yana da dalili, domin ba kowace ɓarna ce ta dila ba. Idan shi ne, a maƙogwaro yake kama ɗan akuya, ya buɗe ta gefen ciki, ya ci kayan ciki da nama mai laushi, ya bar manyan ƙasusuwa. Idan ka tarar an yayyaga cinyoyi, an raunata dabba biyu ko uku ba a ci na kirki ba, nemi karnukan gari. Kura ba ta barin ƙashi, kuma rabonmu da jin kukanta a nan an jima. Kaji da dare sau da yawa aikin muzuru ne ko tunku. Dila ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba, kamar yadda yake ɗora wa kura nasa a tatsuniya.

Bayan ido sai iska. Hancin dila ya fi na maharbi nesa ba kusa ba, don haka mukan ɗebi toka a ɗan ƙyalle, mu kaɗa mu ga inda ta nufa, sannan mu zauna yadda iska za ta taso daga wajensa ta zo mana. Da hunturu abin da sauƙi, tunda daga arewa maso gabas take busowa kusan kullum. Ba a shafa turare, ba a shan taba, ba a zama a kan tudu inda sararin sama zai fito da surar mutum. A jingina da suri ko kututture, a yi shiru. Shirun nan shi ne ke kayar da sabon shiga. Minti goma sun yi sai ka ga ya kai hannu aljihu wajen waya. Wasu tsofaffi sun iya tsotsar bayan hannu su fitar da ƙara kamar ta zomon da aka kama. Ana yi kaɗan a tsaya. Dilan da ya ji kira yakan zagayo ta bayan iska ya tabbatar kafin ya matso, kuma wanda aka harba aka kuskure ba zai sake amsa wannan kiran ba.

Lokacin fita bayan kaka ne, an yanke kara, fili ya buɗe. Namiji da mace tare suke zama shekara da shekaru, cikin macen wata biyu ne, kuma sukan haihu a tsohon ramin dabgi ko cikin suri. Manyanmu ba sa haƙa rami su kwashe 'ya'ya, kuma ba sa bin kowane dila da suka gani. Wanda ya saba da turke shi kaɗai suke nema. A ganinmu suna da gaskiya. Yawancin abincin dila ɓera ne da gafiya da fara, su kuwa waɗannan su ne ke cinye gyaɗa da dawa. A Amurka gwamnati ta shafe fiye da shekara ɗari tana kashe koyote da tarko da guba da bindiga, ƙarshenta sai ya ƙara yaɗuwa har cikin manyan birane. Ka kawar da ma'aurata masu riƙe da wuri, baƙi su shigo, kuma ba ka san halinsu ba. Sau da yawa shingen ƙaya mai kauri da shigar da awaki kafin magariba sun fi albarushi aiki.

Guba kam ba ma yi, kuma ba ma son a yi. Naman da aka barbaɗa wa maganin ƙwari ba ya zaɓen mai ci: karen gida zai ci, ungulu za ta ci, ita da ta riga ta yi ƙaranci har a mahauta. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana wa'azin guba ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, kuma Duza tana cikin garuruwan da aka kankare ƙasar gidajensu, tare da Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma. Tarkon ƙarfe ma sai da lura, domin hanyar dila ita ce hanyar yara masu itace. Dilan da ka gani da rana tsaka yana tangaɗi, ba ya gudun mutane, kada ka taɓa shi ko ya mutu. Alamar ciwon haukan kare ce. Wanda ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti a ranar don allura.

Sai dai duk wannan ilimi an gina shi ne a kan dajin da mutum zai shiga ya fito. Da can ayarin farauta kan tashi da rani da karnuka da ganga, a haɗu da mutanen wasu garuruwa, a kwana a dawa. Yau dajin Bagega da na Sunke da na Gando suna da masu su, kuma ba dila ba ne. Mutumin da aka gani da adaka a bayan gari da almuru, 'yan bindiga za su ɗauke shi ɗan sa-kai, jami'an tsaro kuma su ɗauke shi ɗan bindiga. Ba a nan kaɗai ba ne kayan farauta suka zama abin zargi: a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida. Saboda haka abin da muke fara gaya wa yaro yanzu ba ya cikin abin da aka fara gaya mana. Kada ka fita kai kaɗai. Mai gari ya san da fitarka da inda za ka zauna. Kada ka wuce inda za ka ji kiran sallar garinku. Idan ka ga sawun babura da yawa a kan sawun dila, juya.

Abin da ya rage mana ke nan, ɗan zoben da ke kewaye da gari, daga bayan shinge zuwa bakin fadama. Dilan ma kamar ya gane, don ya matso, tunda gonakin nesa sun zama saura kuma awaki duk sun taru a gida. Masu son koyo mukan kai su gindin kanya da sassafe lokacin da take zuba, mu ce su nuna mana wanne ne sawun kare, wanne ne nasa, kuma ta ina ya koma.