Kafin mu hana Auta harkar fim

Kossodo, Wagadugu

Assalamu alaikum Yaya,

Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya. Kasuwar fata ta ɗan ja baya tun bayan Babbar Sallah, gishiri kuma ya yi tsada, amma Allah na rufa asiri.

Na saurari saƙonka a kan Auta. Ka ce in kira shi in ja masa kunne, tunda yana jin maganata, ya bar zancen shiga fim ya koma shago. Zan kira shi. Sai dai ka san wanda ka ba wa aikin nan: ni ne kake kamowa a ƙofar sinimar Plaza da daddare, ka taso ƙeyata har gida. Shi ya sa na ga gara in rubuto, don a waya da ka ce "ka ji ko?" ba ni da abin cewa sai "na ji."

Ƙyamar sinima da muke yi a Kano gadonta muka yi. Baba ya sha ba mu labarin gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, da yadda gari ya ɗauka cewa fushin Allah ne ya sauka. Tun daga nan duk mai zuwa kallo ya zama ɗan iska, mai yin fim ɗin kuwa ba a ma maganarsa. Ko a 2016 da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa ta Bebeji, ka ga yadda aka tashi tsaye har aka fasa. Da wannan idon na zo garin nan, sai na tarar a gaban ofishin magajin gari akwai shataletale sukutum da aka keɓe wa masu shirya fim tun 1987. A titin da ke kusa har mutum-mutumin waɗanda suka ci gasar fim aka jera. Wannan kam bai kwanta mini ba, kai ma na san ba zai kwanta maka ba, amma ya nuna maka matsayin sana'ar a wurin Mosawa. Tun 1970 gwamnatinsu ta ƙwace gidajen sinima daga hannun kamfanonin Faransawa biyu da suka ƙara kuɗin tikiti. Bikinsu na FESPACO kuwa an fara shi a 1969, ana yinsa duk bayan shekara biyu, kuma shugaban ƙasa da kansa ke miƙa babbar kyautar, wato dokin zinariya na gimbiya Yennenga, kakar Mosawa.

Ka san wa ya fara ɗaukar dokin nan a 1972? Maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar, Bazabarme, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka yana da mata biyu, ya sa ido a kan Satou wadda aka riga aka yi wa Garba alkawarinta, ya yi amfani da kuɗi da rawani ya aure ta, daren biki ya ƙare da jini. Nijeriya da duk yawan finafinanmu sau ɗaya tak muka ci, a 2007, da Ezra na Newton Aduaka.

Abin da nake so ka fara kallo shi ne Yaaba na marigayi Idrissa Ouédraogo, na 1989. Babu waƙa, babu rawa, babu mota ko ɗaya. Ƙauye ne a fili fetal, da wata tsohuwa Sana da aka kora bayan gari ana ce mata mayya. Yara na jifanta, in rumbu ya kama wuta ita ce, in ciwo ya shigo ita ce. Wani yaro Bila ne ya saci zakara ya kai mata, suka gasa suka ci tare, ya kira ta kaka. Ka lura da fuskar tsohuwar a wurin nan, don ba a taɓa kiranta da sunan dangi ba. Da 'yar'uwarsa Nopoko ta kwanta bayan an yanke ta da wuƙa mai tsatsa, boka ya ce Sana ce ta kama kurwarta, aka je aka ƙone mata bukka, alhali ita ta tafi neman mai maganin da zai ceci yarinyar. Duk garin mutum ɗaya ne babba da yake kare tsohuwar, shi ne mashayin da kowa ya raina. Laifinta kaf, uwarta ta mutu wajen haihuwarta, ubanta ya bi ta don baƙin ciki.

Yaya, wannan ba tatsuniya ba ce. A Tanghin, nan kusa da mu, a da, shekara da shekaru, akwai wani gida mai suna Delwendé inda 'yan cocin Katolika ke riƙe da tsofaffin mata da ƙauyukansu suka kora da sunan maita, suna kaɗi suna sayar da zare. Pierre Yaméogo ma ya yi fim a kansu a 2005. Kai ma ka tuna tsohuwar nan ta bayan layinmu da ake hana mu karɓar ƙosanta. Mu ma muna da irin wannan, bambancin kawai su sun haska nasu a allo, a gaban baƙi, ba su ce an tona musu asiri ba. Wannan halin ne ya fi burge ni a zamana da mutanen nan. Mu kunya ta yi mana rana a wurare da yawa, ba na fatan mu rabu da ita, amma akwai inda muke fakewa da ita mu bar zalunci ya kwana lafiya.

Tilaï, shi ma na Idrissa ne, ya ci babbar lambar alƙalai a Cannes ta Faransa a 1990, ya ɗauki dokin a nan a 1991. Saga ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar mahaifinsa ya aure Nogma, budurwar da aka yi masa alkawari. Suka ci gaba da haɗuwa a ɓoye, asiri ya tonu, aka yi ƙuri'a a kan wanda zai kashe shi, ta faɗa kan ɗan'uwansa Kougri. Ba zan faɗa maka ƙarshen ba. Na san abin da za ka ce, matar uba haramun ce har abada, kuma haka ne, fim ɗin ma bai wanke su ba. Amma bayan an gama sai ka tambayi kanka wa ya fara ɓarnar, kuma me ya sa duk dattawan garin babu wanda ya iya ce wa tsohon ya ji tsoron Allah.

Akwai wanda dattawan zangonmu ba sa iya kallo har ƙarshe, Zan Boko na Gaston Kaboré, 1988. Birni ne ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye ƙauyen wani manomi Tinga, attajirin da ya gina bene a gefensa yana son filin don ya haƙa wurin wanka. Shekara 15 bayan fitarsa, a 2003, aka rushe Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, saboda shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci. Aka ba mutane filaye a Ouaga 2000 da Nioko, maƙwabtan da kakanninsu suka yi sallah a sahu ɗaya suka watse. Wani tsohon mahauci da muke zama da shi a bakin kwata, duk sanda aka ambaci tsohuwar unguwar sai ya lissafo maka gidajen layinsu ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai kowane gida, ya ƙare da "yanzu kwalta ce a wurin."

Mandabi na Ousmane Sembène, 1968, wannan don ka yi dariya ne, kuma don ka tausaya mini. Wani magidanci a Dakar ɗan 'yar'uwarsa ya aiko masa da takardar kuɗi daga Faris, ba shi da katin shaida balle ya karɓa, amma unguwa ta riga ta ji labari, masu bashi da masu roƙo sun cika ƙofar gida. Duk wanda yake aike gida daga waje ya san fim ɗin nan tun kafin ya gani.

Biyu kuma da Hausa suke, ba sai Auta ya karanta maka rubutun ƙasan allo ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka ɗauka ya ɓace har aka gyara shi a Jamus aka nuna a Balin a 2018. Sai Zinder na Aïcha Macky, 'yar Damagaram, 2021. Ba wasa ba ne, mutanen gaske ne: ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da, ta zauna da matasan da ake kira 'yan fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur, ta bar su suka yi magana da bakinsu. Wanda ya san 'yan dabar Kano zai gane su nan take. Timbuktu na Abderrahmane Sissako ka kalle shi ko don limamin da ya tare masu bindiga da suka shigo masallaci da takalmi. Sira na Apolline Traoré kuwa, a kan ta'addancin da ya addabi ƙasar nan, yana da kyau amma kada ka kunna shi a gaban yara ko Hajiya.

Kada ka ce na zama Bamoshe. Akwai abin da ban yarda da shi ba a nan. Yawancin finafinan da na lissafa da kuɗin Turai aka yi su, kuma in biki ya watse ba kasafai talaka ke sake ganinsu ba. Gidajen sinima da yawa sun rufe, sai irin su Ciné Burkina da Neerwaya ke lallaɓawa. A teburin mai shayinmu ba Tilaï ake kallo ba, ƙwallo ne da finafinan Indiya da na Kano. Ga shagalin dare da ke biyo bayan bikin, kamfanin giya na Brakina ma a unguwarmu yake, ni dai daga zauren kallo sai gida.

Ta nan 'yan Kano suka fi su. Tun Turmin Danya a 1990 da kuɗin aljihunsu suke yi, kuma jama'arsu ce ke kallo. Yarana da Mosanci suke wasa a waje, da Faransanci suke karatu. Hausar da ke bakin babbar 'yata rabinta daga uwarta ne, rabi daga Daɗin Kowa da Labarina. Ranar da ta ce da ƙaninta "kai dai an yi ɗan nema" sai da na ajiye cokali, don ba a gidan nan ta ji ba. Waɗanda muke cewa ba za mu ba su aure ba, su ne ke koya wa jikokin Hajiya harshen kakanninsu a ƙasar wasu. Aibinsu shi ne gaggawa da kwaikwayon Indiya, da falon mai kuɗi da ba ya ƙarewa, kamar babu manomi ko majemi a ƙasar Hausa.

To ga shawarata, in ka amince. Zan sa duka a memori in ba direban da ke kawo mana kaya. Ku zauna da Auta ku kalli Yaaba tare, kada ka ce masa komai, bayan an gama ka tambaye shi me ya gani. In ya ce babu waƙa, ya gaji, to suna yake nema da hoto a Facebook, ni da kaina zan mayar da shi shago. In kuwa ya fara yi maka bayanin inda aka ajiye kyamara da dalilin da ya sa aka bar tsohuwar ta yi shiru, to sana'a ce ke kiransa, sai mu sa masa sharaɗi: ya gama difilomarsa, ya je ya koya a makaranta. Akwai ta gwamnati a Jos, ƙarƙashin hukumar fim ta ƙasa da aka ba Ali Nuhu shugabancinta a 2024. Nan ma akwai makarantar fim ta ISIS da kuma Imagine ta Gaston Kaboré, sai dai sai ya iya Faransanci.

In Allah ya kai mu bikin 2027 ina so ka bar shi ya zo ya sauka a wurina. Amma kada ya biyo ta Kantchari da Fada, hanyar ba ta da aminci yanzu, zan gaya maka ta inda zai bi in lokacin ya yi. Kuɗin maganin Hajiya zan turo ƙarshen wata in an biya mu na ƙiraga. Maiɗakina na gaishe ku, ta ce a tuna mata da daddawa da kuka. Ka gaida Yaya Babba da yara duka.

Wassalam,
Ƙaninka